Ku Ajiye Dutse, Ku Miƙo Ruwa: Kira Ga Jama'ar Shahuci

Iyayenmu da malamanmu, iyaye mata da matasan Shahuci, da maƙwabtanmu na Yakasai da Zango da Kankarofi.

Akwai wani maƙwabci da ke kwana a lungunanmu wanda kowa ya san shi amma babu mai ɗaukar nauyinsa. Shi ne karen nan da ƙazuwa ta zubar wa gashi, haƙarƙarinsa a waje, yana ɗingishi tsakanin bola da kwata, daga bayan Kasuwar Rimi har gangaren Jakara. Da rana ya laɓe ƙarƙashin mota a tasha, da dare ya fito neman abin da zai sa a ciki. Yaro ya gan shi ya sunkuya neman dutse, babba ya gan shi ya ce "as!" ya wuce. A kan wannan kare nake kiran ku. Ina roƙon mu daina jifansa, mu yi masa magani, mu yi masa rigakafi, mu kuma tsaya wa duk wanda ya ɗauki irinsa ya riƙe. Yin haka bautar Allah ne, kuma kariya ce ga 'ya'yanmu.

Mu fara da gaskiya: karnukan nan ba daga sama suka faɗo ba. Wani karen farauta ne da ya yi wa maigidansa hidima rani bayan rani, da ya karye a daji ko ya tsufa aka sake shi. Wani karen gadi ne da masu shi suka tashi suka bar shi. Wani kuma ɗan gayu ne ya saye shi da tsada don a ce yana da kare na Turai, da ya ga kuɗin abinci da na magani sai ya buɗe masa ƙofa. Ga kwikwiyoyin da ake zubarwa a kwali idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Wanda bai mutu a titi ba, sau da yawa ƙarshensa hannun fatake ne masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Hannun ɗan Adam ne ya jefa su cikin wannan hali, don haka hannun ɗan Adam ake jira ya fitar da su.

Na san abin da zai fara zuwa bakin wasu: ai kare najasa ne. To, mu mutanen Shahuci ba mu da uzurin jahiltar wannan mas'ala. A unguwar nan aka buɗe makarantar horar da alƙalai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma fiƙihun Malikiyya ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. A mazhabar Imamu Malik duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada, ba don najasa ba. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ba da dalili ba, ya kuma keɓe na farauta da na kiwo da na gona. Wanda ya ga ba zai sa kare a gidansa ba, babu mai tilasta masa. Amma a wane littafi aka halatta jifan mai ƙishirwa? Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, da na matar nan mai saɓo da ta yi irin haka ta sami gafara. Sun kuma ruwaito labarin wadda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta, ta shiga wuta. Suratul Kahfi da muke karantawa duk Juma'a ta ambaci karen samarin kogo tare da su, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Waɗannan su ne hujjojinmu, kuma sun ishe mu.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya dubi ɗansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da idan alamunta suka bayyana, kusan ba a tashi. Amma ana tare ta tun kafin ta iso ga mutum: masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yawo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa wannan allura a ƙasar nan.

Kada wani ya ce a zuba musu guba a huta. An gwada a ƙasashe da dama, ba a huta ba. Muddin akwai bola da ragowar abinci, idan aka kashe karnukan unguwa wasu baƙi ne za su shigo su maye gurbinsu, waɗanda ba a san su ba kuma ba a yi musu allura ba. Gubar kuma ba ta zaɓe: akuyar gida za ta ci, kaza za ta tsattsaga, yaro mai rarrafe zai iya kai hannu. Ku dubi Jaipur ta ƙasar Indiya, tsohon birni mai ganuwa da cunkoso kamar namu. Tun 1994 wata ƙungiya mai suna Help in Suffering take kama karnukan titi, ta yi musu aikin hana haihuwa da allura, ta mayar da su inda ta ɗauko su. Cikin 'yan shekaru mutuwar mutane ta haukan kare ta sauka zuwa sifili a yankin da aikin ya shafa. A 2019 aka tabbatar da cewa Meziko ta raba mutanenta da wannan cuta ta hanyar kare, kuma da allurar karnuka ta kai ga haka. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a daina rasa rai ta wannan hanya. Me zai hana Kano shiga sahu?

Yanzu ga ku masu zuciyar ɗauka. Tausayi kaɗai ba ya warkar da kare, sai an haɗa da sani.

Kada ka kai hannu ga karen da ba ka sani ba, ko da yana kwance yana nishi, domin ciwo yana sa mai haƙuri cizo. Ajiye masa ruwa da ɗan abinci, ka ja baya, ka kira likitan dabbobi ko wanda ya ƙware da kamu. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, nan cikin birni. Idan ka ga kare yana dalala, muƙamuƙinsa a sake, muryarsa ta canza, yana tangaɗi ko yana cizon duk abin da ya tarar, kada ka matsa, kada ka zura hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. Kori yara, sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Irin wannan ba na riƙo ba ne, kuma rahamar da ta rage masa ita ce likita ya kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da azaba ba.

Wanda likita ya ce za a iya riƙe shi, keɓe masa wuri mai inuwa, nesa da yara da sauran dabbobi, har zuwa lokacin da likitan ya ɗiba. A ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska, domin kaska tana sa masa cututtukan jini har dasashinsa ya yi fari fat. A yi masa allurar hauka, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ajiye katin. Kwikwiyo mai amai da gudawar jini a garzaya da shi a ranar, don cutar tana kashewa cikin kwanaki kaɗan. Ƙazuwa tana warkewa, amma sai an yi makonni ana magani, kuma mai jinya ya riƙa wanke hannu da sabulu.

Ina roƙonku da Allah ku bar maganin ji-ta-ji-ta. Baƙin man inji ba ya kashe ƙazuwa, ƙona fata yake yi, kare ya lashe ya shiga cikinsa. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gida suna kashe karen tare da kaskar. Maganin ciwon jiki na mutane yana iya lalata masa hanta ko ƙoda. Albasa da tafarnuwa da cakulan da goro duk suna cutar da shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kwano lokaci guda. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa a yini, tuwo ko shinkafa marar yaji da ɗan kifi ko dafaffen ƙwai. Ku tuna da zafin Kano a watan Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka wanda aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa kafin la'asar.

Raunin jiki ya fi saurin warkewa a kan na zuciya, kuma a nan ne masu riƙo da yawa suke karaya. Karen da ya girma da jifa ya koyi cewa hannun mutum abin tsoro ne. Za ka kawo masa abinci ya maƙure a lungu yana rawar jiki, wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance. Za ka matsa ya yi gurnani. Kada ka ce butulu ne, kada ka ɗauki sanda. Gurnanin nan gargaɗi ne, yana cewa ka tsaya daga nan. Idan ka doke shi a kan gurnani, ka koya masa ya bar gargaɗi ya tafi kai tsaye ga cizo. Zauna nesa da shi, ka ba shi gefe, kada ka zuba masa ido, ka yi magana a hankali, ka bari shi ya zo da ƙafarsa. Ciyar da shi a lokaci ɗaya kullum, a wuri ɗaya, domin sanin abin da zai biyo baya ne yake kwantar masa da hankali. Duk ranar da ya yi abin kirki, saka masa da 'yar loma nan take. Kada a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Kada a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai, komai laushin da ya nuna. Ɗauri dare da rana a gajeriyar sarƙa yana ƙara masa zafin rai. A fita da shi da igiya da sassafe ko da yamma, in yana da halin kai cizo a sa masa takunkumi. Ranar hawan Sallah, lokacin da bindigogin 'yan bindiga ke tashi daga wajen fada, shigar da shi wuri mai rufi tun da wuri, don firgici yana sa shi tsinke igiya ya ɓata. Kare mai sanyin hali da ya canza kwatsam ya soma faɗa, a fara kai shi likita, don sau da yawa ciwo ne yake ɓoyewa. Wani zai sake da kai a mako biyu, wani sai bayan watanni, wani kuma har ya mutu da sauran tsoro a tare da shi. Auna aljihunka da lokacinka kafin ka ɗauka, domin wanda aka ceta aka sake yasarwa ya fi na farko lalacewa.

Iyaye mata, ku ne likitocin farko. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan ku wuce asibiti a ranar. Ga Asibitin Murtala nan kusa da mu. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a jira a ga abin da zai faru. Idan an san karen, a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi, amma kada jiran ya hana fara allurar yaron.

Malamanmu na allo da na Islamiyya, da limamanmu, yaro ba ya jifan kare sai don bai taɓa jin babba ya hana ba. Darasi ɗaya a kan haƙƙin dabba, huɗuba ɗaya, za su sauke duwatsu da yawa daga hannun almajirai da 'yan makaranta.

'Yan farauta, ku kuka fi kowa sanin halin kare a garin nan. Wanda ya shiga ƙaya dominku yana da haƙƙin tsufa a ƙofarku. Ku haɗa karnukanku ku kai su allura kafin fita daji, kuma ku zama masu kamun da unguwa za ta kira idan an ga marar lafiya. Matasa masu cuna kare ga mutane ko haɗa su faɗa, ku ji tsoron Allah, ku kuma sani dokar laifuka ta Arewa ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabba.

Mahauta da masu abinci, ragowar da kuke zubarwa a kwata ku ware wa masu riƙo. Masu hali, ku ɗauki nauyin allurar kare goma ko aikin hana haihuwa na karya ɗaya. Sadaka ce da amfaninta ke isa gidan da ba ku sani ba. A Istanbul ta zamanin Usmaniyya har waƙafi Musulmi suka riƙa yi don ciyar da karnuka da kyanwoyin titi.

Ranka ya daɗe mai unguwa, da kansilanmu, da ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙo a ƙirga karnukan Shahuci, masu gida da marasa gida. A nemo ma'aikatan lafiyar dabbobi, a gayyaci malamai da ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Bayero. A sa rana, a yi shela a masallatai da rediyo, a yi wa kowane kare allura a sa masa alama. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Mu sa ta a gaba, mu fara shiri tun yau. Kowane lungu ya fitar da mutum ɗaya mai riƙe lambar likitan dabbobi, kowane gida ya tsawatar wa ɗansa, kowane mai kare ya fito da katinsa. Idan Shahuci ta fara, sauran unguwannin cikin ganuwa za su biyo.

Ku tashi, jama'a! Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya tsare mana zuri'a, Ya ba Kano lafiya da zaman lafiya. Amin.