Zauren Tarbiyya: Littafin Da Aka Tsinto A Ƙarƙashin Katifa



A watan jiya wata baiwar Allah, uwar ɗaya daga cikin ɗalibaina, ta tare ni bayan an tashi daga Islamiyya. Ta zaro wani littafin Turanci daga cikin hijabinta kamar mai ɗauke da kayan sata, ta ce, "Malama, duba min wannan. A ƙarƙashin katifar yarinyar nan na same shi, babanta kuma ya ce a ƙone." Harry Potter ne, na uku. Yarinyar shekarunta 13, kuma aro ta yi wajen ƙawarta. Na roƙi uwar ta ba ni mako guda, na karance shi cikin dare huɗu.

Ga wadda ba ta sani ba, wata Baturiyar Ingila, J.K. Rowling, ce ta rubuta shi. Littattafai 7 ne, na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007. Labarin wani maraya ne da aka kai makarantar kwana inda ake koyar da tsafi. A wanda na karanta har da darasin duba, ana leƙa guntun ganyen shayi a gindin kofi a faɗi abin da zai faru. Ba zan ɓoye miki ba, wannan wuri ya tsaya min a rai. Sihiri ba abin wasa ba ne a wajenmu. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi magana a kansa, kuma yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Manzon Allah (SAW) ya lissafa.

Amma ki tuna da me aka raine mu. Gizo da Ƙoƙi, Dodo, 'yar sarkin aljannu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934 suke hannun 'yan makaranta, kuma cike suke da aljannu da abubuwan da ba za su taɓa yiwuwa ba. Ni kaina na sha bulala a kan Iliya Ɗan Maiƙarfi, ranar da na bar miya ta ƙone. Kakanninmu ba su ji tsoron tatsuniya ba, domin da an ce ƙurunƙus yaro ya san an dawo duniya.

Da na zauna da yarinyar na tambaye ta, "Kin yarda mutum zai hau tsintsiya ya tashi sama?" Sai ta yi dariya har da rufe baki. Na ce to me ya ja ki? Ta ce tausayin maraya, da yadda abokansa ba su taɓa yar da shi ba. Daga nan na tambaye ta me kuma take karantawa. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. A wayar yayarta ta karanta wani littafin Hausa inda amarya ta je wajen boka, aka binne layu a bakin ƙofa, miji ya juya wa uwargida baya. Na ce, "Wannan fa, kin yarda yana faruwa?" Ta ce, "Ƙwarai kuwa, Malama, ai aikin yana ci."

Kin ga bambancin, 'yar'uwa? Makarantar matsafan Ingila babu motar da ke zuwa can. Boka kuwa yana bayan gari, wani lokacin ma a bayan layi, kuma yarinyar nan watarana za ta yi kishiya ko ta ji haushin uwar miji. Littafin da aka so ƙonewa ta ɗauke shi ƙarya, wanda ba wanda ya kula da shi kuma ta ɗauke shi darasi.

Ba ina wanke na Turawan ba ne. Wasu da aƙida a naɗe suke zuwa. Littattafan Narnia na C.S. Lewis, da suka fito tsakanin 1950 da 1956, suna da wani zaki da ya ba da ransa fansar mai laifi, sannan ya tashi bayan ya mutu. Aƙidar Kiristanci ce a rigar tatsuniya, marubucin ma bai musa ba. Uwar da ba ta buɗe littafin ba, zaki kawai za ta gani a bango.

Ƙonewa kuwa an gwada. A 2007 an cinna wa tarin littattafan Hausa wuta a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta. Karatun bai tsaya ba, waya ya koma, inda ba ki da katifar da za ki ɗaga.

Na mayar wa uwar littafin, na ce a mayar wa mai shi tunda amana ce. Na roƙe ta, tunda ba ta jin Turanci, ta riƙa sa yarinyar ta ba ta labarin duk abin da ta karanta yayin da suke tsinkar zogale ko gyaran shinkafa, ta saurara ta ji wa jarumin ke roƙo idan ya shiga uku. Ni kuma na ɗage darasin Fiƙihun ranar Asabar, muka yi awa guda a kan hukuncin zuwa wajen boka. 'Yan mata 9 ne suka ɗaga hannu da tambaya, kuma babu wadda ta ambaci tsintsiya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.