A kula da ƴaƴan mashayi tun ba su ɗanɗana ba

Idan jandarmomi suka kama magidanci da ƙwayar tramol, ko kuma aka kai shi asibiti bayan giya ta ci masa hanta, ana rubuta sunansa da shekarunsa da sana'arsa da unguwar da yake zaune. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne yara nawa ya baro a gida, kuma shekarunsu nawa. Alhali kuwa a cikin gidan nan akwai waɗanda suka fi shi kusa da haɗari, wato ƴaƴansa masu tasowa, daga ɗan shekara 12 zuwa saurayi ɗan shekara 20. Ya kamata hukuma da iyaye su san dalili, domin sanin dalilin shi ne zai nuna inda za a tari abin.

Dalili na farko yana cikin ƙwaƙwalwa. A da ana zaton ƙwaƙwalwar mutum tana gama ginuwa tun yana yaro ƙarami. Amma a shekara ta 1999 wani likita a Amurka, mai suna Jay Giedd, tare da abokan aikinsa, suka bayyana sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da samari da suka yi ta ɗauka shekara da shekaru, suka nuna cewa ginin yana ci gaba har bayan balaga. Sashen da ke bayan goshi, wanda aikinsa ne auna sakamako da danne sha'awa da yin haƙuri, shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma ba ya cika sai wajen shekara 25. Sashen da ke jin daɗi da neman sabon abu kuwa, tun farkon balaga yake ƙarfi. Ke nan saurayi kamar doki ne da ya yi ƙarfi tun ba a gama ƙera masa linzami ba.

Kayan maye kuma wannan sashe na jin daɗi suke bi. Giya da wiwi da taba da tramol, kowannensu ta hanyarsa, suna sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke koya mata cewa abin nan yana da daɗi, a sake. Ƙwaƙwalwar saurayi ta fi ta dattijo saurin koyo. Wannan saurin ne ke sa yaro ya riƙe karatun lakwal ko sana'ar hannu cikin ɗan lokaci, shi ne kuma ke sa ya riƙe darasin maye da wuri, ya yi wuyar mantawa.

Dalili na biyu shi ne gado. A shekara ta 1973 likita Donald Goodwin ya bi sawun ƴaƴa maza na mashaya giya a ƙasar Danmak, waɗanda aka ba wasu riƙonsu tun suna jarirai, ba su tashi a hannun iyayen da suka haife su ba. Da suka girma, 18 cikin 100 suka zama mashaya, alhali a cikin sauran ƴaƴan riƙo 5 ne kawai cikin 100. Binciken da aka yi daga baya a kan tagwaye ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa da jarabar maye daga jini yake.

Dalili na uku shi ne zaman gidan kansa. Yaron da ya tashi yana jin rigima cikin dare, yana ganin an sayar da hatsin rumbu saboda ƙwaya, bai san da wace fuska ubansa zai shigo ba, kullum jikinsa a cikin fargaba yake. Fargaba mai tsawo tana raunana sashen nan na bayan goshi, kuma tana sa yaro ya nemi abin da zai kwantar masa da rai. Ga shi kuma abin yana kusa da hannunsa, a aljihun rigar da aka rataye ko ƙarƙashin tabarma. Sau da yawa ma shi ake aike wurin mai tebur ya sayo. Ranar da aka aiki yaro sayen ƙwaya, an koya masa sunanta da kuɗinta da wurin da ake samunta, an kuma nuna masa cewa ba abin kunya ba ce.

To, a nan ne wasu ke cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su yanke ƙauna ga yaron tun bai yi kome ba. Maƙwabta su hana ƴaƴansu wasa da shi, in an yi ɓatan abu a unguwa shi ake fara tuhuma. Wannan kuskure ne babba. A sake duba lissafin Danmak: idan 18 sun faɗa, to, 82 cikin 100 ba su faɗa ba. Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, kuma wanda bai taɓa ɗanɗana ba ba shi kamuwa. Yaron da aka ware kuwa, aka riƙa kiransa ɗan mashayi, ba shi da inda zai samu abokai sai wurin waɗanda suka riga suka fara.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin ɗanɗanawar farko. Wani babban bincike da aka bayyana a Amurka a shekara ta 1997 ya gano cewa cikin waɗanda suka fara shan giya suna da shekara 14 ko ƙasa da haka, fiye da 40 cikin 100 sun kamu da jarabarta, amma cikin waɗanda suka fara suna da shekara 20 ko fiye, wajen 10 ne cikin 100. Gaskiya ne cewa masu gadon abin sun fi saurin farawa da wuri, saboda haka ba shekaru kaɗai suka kawo wannan bambanci ba. Duk da haka kowace shekara da yaro ya wuce bai taɓa ba, sashen bayan goshinsa ya ƙara ƙwari.

Akwai ƙasar da ta gwada jinkirta wannan ɗanɗanawa. A Ayislan, wani tsibiri na arewacin Turai, a shekara ta 1998 an tarar 42 cikin 100 na ƴan shekara 15 da 16 sun bugu da giya cikin watan da ya gabata. Aka hana yara yawon dare, aka buɗe musu wuraren wasanni da kiɗa bayan tashi daga makaranta, aka sa iyayen kowace unguwa su yi alkawarin sanin inda ƴaƴansu suke. Zuwa shekara ta 2016 adadin ya sauko zuwa 5 cikin 100. Nijar ba ta da dukiyar Ayislan, amma filin ƙwallo da filin kokawa da zaman koyon sana'a ba su fi ƙarfin kowace unguwa ba, kuma ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba ta fi kowa bukatarsu.

Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan kowa. Jami'in da ya kama magidanci, da likitan da ya karɓe shi, su tambayi ƴaƴansa, su sanar da ma'aikatan kula da jama'a. Mushen lakwal da ya ga ɗalibi yana barci a aji ko ya fara fashi, ya bincika halin gidan kafin ya kore shi. Mai unguwa ya tsawata wa masu tebur da ke miƙa wa yara ƙwaya, ko da sun ce aike ne. Kawu ko gwaggo ko kaka da ke da hali su jawo yaron a jika, domin likitocin yara sun daɗe da lura cewa babba guda ɗaya tsayayye, wanda yaro ya amince da shi, yana daga cikin abubuwan da suka fi kare shi. Uwa kuma, idan yaro ya kai hankali, ta gaya masa gaskiya cikin natsuwa, cewa abin da abokinsa zai taɓa ya bari, shi yana iya taɓawa ya kasa bari.

Shi kuma uban da abin ya riga ya kama, neman magani a asibiti ba abin kunya ba ne, kuma shi ne babban taimakon da zai yi wa gidansa. Kafin ya samu lafiya, akwai abu biyu da ke cikin ikonsa tun yau: kada ya sha a gaban ƴaƴansa, kada kuma ya aiki ɗayansu ya sayo masa.