RA'AYI: A kammala wa soja rajistar fansho da ta lafiya kafin ya tuɓe kaki

A ranar 15 ga Janairun kowace shekara, manyan ƙasar nan kan hallara a Abuja su ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Ranar ta samo asali ne daga ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma babu mai ja da cancantarta. Sai dai ma'aikatan da ke bin Babbar Unguwar Kasuwanci sun ga wani taron na daban. A Disambar 2024, da kuma Janairun 2025, tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman haƙƙoƙinsu. Mutumin da aka horar da shi a kan bin umarni ba ya zaman dirshan a bakin ofis sai ya ƙwanƙwasa sauran ƙofofin ya ji shiru.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan wannan wahala tana somawa tun a matakin farko, wato lokacin da soja ya bar bariki ya fara neman shiga jerin masu fansho da na inshorar lafiya. Wannan mataki aikin gwamnati ne, kuma kamata ya yi a gama shi tun soja yana sanye da kaki.

A duba rayuwar da ya baro. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki ya saba da tsarin da ya ɗauke masa kusan komai. Gida a bariki yake, asibiti a bariki yake, albashi kuma akwai ofishin da ke bin kadinsa. Ranar da aka miƙa masa takardar sallama, sai ya koma garinsu, Zuru ko Langtang ko Biu, ya tarar dukan abin da ake yi masa a da ya dawo wuyansa, ofisoshin da za su warware masa kuma suna Abuja.

Ƙofa ta farko ita ce Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Dutsen Alhaji. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da sauran ma'aikatan tarayya ke ciki. Ma'anar haka ita ce garatutinsa da fanshonsa daga kasafin kuɗi suke fitowa, don haka sai takarda ta bi ta tebura da dama kafin kuɗi su shiga asusunsa. A wannan hanya ƙaramin abu kan tsayar da fayil. Idan sunan da ke takardar aikinsa ya saɓa da na BVN ko na lambar ɗan ƙasa ta NIN da harafi ɗaya, ko ranar haihuwa ta bambanta, gyaran na iya cin watanni. Gyaran da akawun bariki zai iya yi cikin sauƙi, shi ne tsoho zai biya kuɗin mota sau uku a kansa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta lafiya. Kamfanin DHML shi ke kula da inshorar lafiyar sojoji, masu ci da masu ritaya, a ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Duk ma'aikacin tarayya ya san yadda tsarin yake: za ka zaɓi asibitin farko, idan ciwo ya wuce ƙarfinsa sai an samo lambar izini kafin babban asibiti ya duba ka. Ga wanda ke zaune kusa da Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba, abin da sauƙi. Wanda ya koma ƙauye kuwa, alhali sunansa yana nan a asibitin barikin da ya baro, zai gano haka ne ranar da hawan jini ya kayar da shi. Sannan ƙa'idar da ma'aikata suka sani, ta mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ba ta yi daidai da gidajen mutanenmu da yawa ba. Mai mata biyu yana da haƙƙin a faɗa masa tun da wuri wa tsarin ya ɗauka, wa ya bari.

Wurin da za a yi wannan aiki yana nan a tsaye. Cibiyar Sake Tsugunar da Sojoji da ke Oshodi a Legas tana ɗaukar watanni tana koyar da masu shirin ritaya noma da kiwo da sana'o'in hannu. Koyon sana'a alheri ne, amma a daidai wannan lokaci ya dace jami'an fansho da na DHML da na hukumar katin ɗan ƙasa su zauna a ɗaki guda. A daidaita suna, a sauya asibiti zuwa na garin da mutum zai zauna, a rubuta magajinsa, a ba shi lissafin abin da zai karɓa da ranar da zai karɓa. Wanda raunin fagen daga ya raba da aiki, a kai masa wannan teburi har gadon asibiti.

Amurka ta yi irin wannan. A can, soja na iya shigar da buƙatar diyyar nakasa tsakanin kwana 180 zuwa 90 kafin ya bar aiki. Tun ƙarshen 2019 kuma, Ma'aikatar Harkokin Tsofaffin Sojoji ce da kanta ke kiran sabon mai ritaya a waya sau uku a shekararsa ta farko, ta sanar da shi abin da ya cancanta. Ba mu da kuɗinsu, amma kiran waya da jerin sunaye ba su fi ƙarfin Ma'aikatar Tsaro ba.

Za a ce tsaurin tantancewa wajibi ne saboda 'yan fansho na bogi. Gaskiya ne, an sha sace kuɗin fansho a ƙasar nan, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma wane lokaci ya fi dacewa a tabbatar da mutum fiye da lokacin da yake tsaye a gaban kwamandansa, da lambarsa da fayil ɗinsa? Tantancewar da aka yi a bariki ta fi wadda za a yi bayan shekara biyu ƙarfi, ta kuma fi ta arha. Za a kuma ce matsalar ta rashin sakin kuɗi ce. Wannan ma hujja ce a gare mu, domin rundunoni sun san waɗanda za su cika shekarun aiki baɗi da baɗin-baɗaɗa, babu dalilin da zai sa garatutinsu ya zo wa kasafi a ba-zata.

Ku da fayilolin nan ke bi ta hannunku, a Ma'aikatar Tsaro da Ofishin Kasafi da na Akanta Janar, da ku hadiman da ke rubuta wa masu gidanku takardun shawara, wannan gyara ne da ba ya jiran sabuwar doka. Umarni ɗaya ya isa: kada a miƙa takardar sallama sai da katin lafiya mai aiki da lambar fansho a tare da ita. Ku ma ranar taku tana tafe, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin a kai ga haka, sojan da ya rage masa shekara guda ya fara shiri yau. Ya gwada sunansa a takardun aiki da na banki da na NIN, ya ajiye kwafin kowace takarda, ya karɓi bayanan jinyarsa daga asibitin bariki, musamman na raunin da ya samu a bakin aiki. Ya nemi reshen Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji na jiharsa, ya kuma nuna wa iyalinsa inda takardun suke, domin gwauruwar soja da marayunsa ta wannan ƙofar za su bi idan ta Allah ta kasance.