Mota Mai Kujera Bakwai da Haƙƙin Maƙwabtaka

Ranar da na sayi Sienna ta hannu, lissafina bai da wuya: ni da uwargida da yara biyar, kujera bakwai cif. Ƙaramar motarmu ta dā ta yi mana kaɗan, kullum sai an ɗora auta a cinya. Abin da na manta ban sa a lissafin ba shi ne mutanen garinmu, Jahun.

A wurinmu babbar mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita ke kai amarya, ita ke ɗaukar dangi zuwa ta'aziyya Haɗeja, kuma ƙofar mai ita ake ƙwanƙwasawa da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama. Da damina kuwa, in ruwa ya ɓata hanyoyin fadama, cikinta ya riƙa gugar ƙasa ke nan, kakar makaniki ta yanke saƙa.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, injinta mai silinda shida ya zama abokin rabon albashina. Abokan aiki a Dutse suka ce in sayar in huta. Ban sayar ba, amma na kafa ƙa'ida: in biki ne, masu biki su zuba mai, in rashin lafiya ce, ko ƙarfe nawa ne a tashe ni.

Saboda haka, mai shirin sayen irin wannan mota, bayan ka duba inji da giya da takardun kwastan, ka duba aljihunka da haƙurinka, domin unguwa guda za ka saya wa.