Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinkar lakwal

'Yan'uwa na sassan jam'iyya,

Mu da muke tsaye gaban allo mun san abin da ɗaki yake yi wa yaro. Da bazara, a ɗakin da kwanonsa ke dab da kai, kafin rana ta take yara sun soma gyangyaɗi, muryar malami ta dushe. Ajin zana kuwa ya fi muni. A shekarar 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba. Wajen yara 20 suka rasu a Yamai, fiye da haka a Maraɗi. 'Ya'yan talakawa ne.

Za a ce mana siminti yana da tsada. To, mu dubi Gando, wani ƙauye a Burkina Faso. A 2001 mutanen garin suka gama lakwal mai aji 3, bisa tsarin ɗansu Francis Kéré. Tubalin ƙasa suka yi, da ɗan siminti kaɗan. Rufin ɗaki na tubali ne, kwano yana can sama a ɗage kan ƙarafa, iska tana ratsa tsakani tana kwashe zafi. Daga baya suka gina wa malamai gidaje, don malamin da ya samu wurin kwana ba ya ɗokin a ɗauke shi. Ƙasar gini ba ta ƙare mana ba, magina ma muna da su.

Amma ɗaki mai sanyi ba ya gyara darekta mai zafin kai. Lakwal ɗin Nasara, kafin 1960, da tsoro aka riƙe ta, har yaro ya sha horo don ya yi Hausa. Darektan da ya gaji wannan hali, yana tsawa ga ƙaramin malami gaban yara, shi ma malamin kan yara zai huce. Wanda ke zama da malamansa su yi shawara, ya buɗe wa iyaye littafin kuɗi, ya shiga aji don taimako, shi ne malamai ke yi wa aiki da zuciya ɗaya.

Saboda haka muna roƙon kowane sashe, ran kasuwa mai zuwa, ya aiki mutum uku lakwal. Su ƙirga azuzuwan zana. Su duba ko ƙofa ta isa yara su fita da gudu. Su tambayi darekta yaushe ya tara malamai da iyaye. Abin da suka gani a karanta shi a taro.

Muna jiran labarinku.