Kwarorin Kano: Wa Zai Rubuta Tarihinsu?

Duk safiya 'yan kasuwa da yaran shago sukan tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni su bi Titin Zariya su nufi Kantin Kwari, wasu kuma su sauka Titin Beirut sayen waya. Amma in ka tare goma daga cikinsu ka tambaye su abin da ya haɗa Kano da Beirut, da wuya ka sami amsa mai gamsarwa. Ra'ayina shi ne, wannan giɓi ne a tarihinmu mu Kanawa kafin ya zama giɓi a tarihin baƙi.

Da farko ya kamata mai karatu ya rarrabe Kwarori da Larabawan Tarabulus da Gadamas, waɗanda suka ratso Sahara a kan raƙuma suka zauna cikin birni. Su Kwarori ta teku suka zo, ta Ikko, kuma dogo ne ya kawo su bayan ya iso Kano a 1911. Turawa suka kira su mutanen Siriya, domin a lokacin Labanan tana cikin ƙasar Sham ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sai a 1943 ta sami 'yancin kanta. Aka ba su wuri a Fagge ta Kudu, suka kafa kantuna, suka shiga sayen gyaɗa da fata, da sayar da atamfa. Daga baya irin su George Calil suka kafa masana'antar matsar man gyaɗa.

Ba yabo nake neman a yi musu ba. Sun tsaya tsakanin manyan kamfanonin Turawa da manomi, kuma manomi bai rasa kuka game da sikeli da bashi ba. Alhassan Ɗantata kansa, wanda ya rasu a 1955, sai da ya yi gogayya da su. Amma fa a cikin kantunan nan ne Hausawa da yawa suka koyi lissafi da cinikin sari, kuma da aka kafa dokar mayar da sana'o'i hannun 'yan ƙasa a 1972, galibi waɗannan yaran kanti ne suka gaji Kwari. To, me za a kira wannan, cuta ko koyarwa? Hasali ma duka biyun ne, shi ya sa yake bukatar bincike.

Matsalar ita ce, abin da aka rubuta galibinsa da Turanci ne, daga takardun Gwamnati. Alhali kuwa hulɗar da Hausa aka yi ta. Jikokin Kwarorin ma da yawa Hausa ce a bakinsu tamkar ta kowane Bafage. Dillali da kuku da direban da ya yi aiki a gidan Kwara kafin 1972 yanzu ya haura saba'in. Ɗaliban Sashen Hausa da ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gida: a bi dattawan nan unguwa-unguwa, a naɗi muryoyinsu, a kai kwafi Gidan Makama.