Daga Ƙauyukan Daura Zuwa Bakin Teku

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata cuta da ke damun mu 'yan boko wadda ba a cika faɗinta ba, watau rashin sanin ƙasar da muke shirin yi wa aiki. Sai ka tarar da saurayi ɗan Daura ya haddace manyan biranen Turai, amma bai taɓa kwana a Baure ba, alhali gobe shi za a ɗora bisa kujera ya yanke inda za a haƙa rijiya da inda za a gina asibiti. Saboda haka nake ganin ya kamata Ƙungiyar Ɗalibai ta riƙa shirya tafiyar mota kowane babban hutu, a soma daga ƙauyukan ƙasar Daura, a ƙare a bakin teku.

Masarautar Daura tana da ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Yawancin baƙi iyakarsu rijiyar Kusugu, su ji labarin Bayajida da macijiya, su ɗauki hoto su juya. Da sun ƙarasa Zango da Baure, da sun ga garuruwan da sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadin da aka soma a 1804, kafin sarauta ta komo gidansu a zamanin Turawa. Da sun je kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, da sun ga shanu da raƙuma da tumaki waɗanda ake korowa daga Nijar. Sa'ad da gwamnati ta rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma sake rufe ta Nijar a 2023, mu a makaranta mun ɗauki abin batun muhawara ne. A Kongolam kuwa tukunyar mutane ce aka taɓa, domin ciniki da auratayya sun haɗa su da 'yan'uwansu na ƙetare tun ba a shata iyakar ba.

Daga nan sai a bi sawun shanun da aka loda a kasuwar, a nufi kudu: Kazaure, Kano, Zariya, Kaduna, a ƙetare kogin Kwara, a bi ta Ibadan har Ikko, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000. Mai lura zai ga yadda gero ke ba dawa wuri, dawa ta ba doya, doya ta ba kwakwar manja. Zai ƙirga shingayen da direba ke tsayawa, ya gane abin da ke sa sa ya yi tsada a Ikko ba tare da makiyayi ya ga ribar ba. A Agege zai iske Hausawan da kakanninsu suka zo fataucin goro. A Badagry zai ga gaɓar da aka riƙa loda bayi zuwa Amurka, ya kuma ji masunta na kukan teku na cin ƙasarsu, kamar yadda manomin Baure ke kukan rairayi.

Na san za a ce man fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023, wasu hanyoyin kuma 'yan fashi da masu satar mutane sun addabe su. Wannan gaskiya ce, kuma ba a wasa da rai. Sai a yi tafiyar da rana, a shawarci direbobin tasha, a guji hanyar da suka guje wa, a kuma sanar da hakimai da dagatai kafin a sauka. Shekarar da kuɗi suka gaza, zagayen ƙasar Daura kaɗai ya isa, bai kuwa fi ƙarfin abin da muke kashewa a liyafar ƙarshen shekara ba.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Waɗanda za su riƙe irin waɗannan ayyuka suna cikinmu, ya kuwa wajaba su san gonakin da dogo zai keta da mutanen da zai ɗauka. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a zaman majalisa mai zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.